Kurmin Gashaka da masu tambayar me na je yi

Ranar da na ce wa mutanen gidanmu zan tafi kurmi, babu wanda ya tambaye ni wane kurmi. Kowa ya ɗauka Kudu za ni, Ibadan ko Shagamu, har gwaggota ta ba ni sallahun goro. Ba laifinta ba ne. Tun zamanin fatake, kurmi a bakin Bahaushe shi ne ƙasar da ake zuwa sayo goro, can inda itatuwa ke rufe rana kuma ba a jin yarenka. Da na yi bayanin cewa Taraba za ni, wani daji da ake kira Gashaka-Gumti, kuma ba aiki aka tura ni ba, ba fatauci ba, kallo kawai zan je, sai ɗakin ya yi tsit. Yayana ne ya fara magana. Ya ce, a wannan marra da mutane ke gudowa daga daji da 'ya'yansu a goye, kai kuma ka ɗauki kuɗinka ka kai kanka?

Tambayar tasa tana da nauyi, kuma tun da na dawo nake juya ta. Inda na tsaya shi ne, duk ɗan Arewa da Allah Ya hore wa hali da lafiya ya kamata ya taka irin wannan wuri ko da sau ɗaya ne, kuma zuwan nasa yana daga cikin abin da zai sa wurin ya wanzu. Na san wasu za su ce wannan maganar ƙoshi ce. Zan zo kansu.

Hanyar kanta darasi ce. Daga Jalingo ka bi ta Garba Chede, ka wuce Bali, ka nufi Serti, hanyar da ke hawa tsaunin Mambilla zuwa Gembu. Duk wanda ya bi ta nan a shekarun baya zai ba ka labarin gungumen “madrid” da ake jibgewa a bakin titi kamar duwatsu. Madrid ɗin nan madobiya ce, itacen da kakanninmu suka sani, wanda makiyayi ke sassaɓo ganyensa ya ba shanu idan rani ya tsananta. Da kasuwarsa ta buɗe a ƙasar Sin, inda ake yin kayan ɗaki na alfarma da shi, sai samari suka watsar da gona suka rungumi injin yankan itace. Tirela na shiga, tirela na fita. Sai a 2017 aka sa itacen cikin jerin waɗanda ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, lokacin an riga an yi wa dazuzzukan Taraba aski. Kuɗin ya zo ya wuce kamar ruwan bazara. Wanda ya sayi babur da kuɗin madrid, babur ɗin ya mutu tuni, kututturen kuwa yana nan a gefen hanya.

Da ka isa Serti ka kusa. A nan hedikwatar gandun take, a nan ake biyan kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin gandu da zai raka ka. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta tsakanin Taraba da Adamawa yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mayar da su ɗaya a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ɓangaren arewa, wajen Toungo, daji ne irin wanda idonmu ya saba da shi, ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu kuwa wata duniya ce: tsaunuka, kwazazzabai, koramu, da kurmi mai duhu. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Na tambayi abokaina da dama masu digiri sunan dutse mafi tsawo a Najeriya, kusan dukkansu Zuma suka ce mini, ko su ce wani wuri a Jos.

Ƙauyen Gashaka ɗan ƙarami ne a bakin kogi. A kan wani tudu kusa da shi akwai kufan ganuwar Jamusawa, domin kafin yaƙin duniya na farko wannan yanki a hannunsu yake, cikin ƙasar Kamaru. Bayan su Ingila ta riƙe, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 mutanen yankin suka zaɓi zama a Najeriya, aka kira wurin Lardin Sardauna. Wato da ƙuri'ar ta juya, da yau sai da fasfo za mu ga wannan kurmi. Mun same shi a sama, shi ya sa wataƙila ba mu san darajarsa ba.

Daga ƙauyen muka kama hanyar Kwano a ƙasa, tafiyar wasu awanni, hawa da gangara. Kwano tsohon ƙauye ne da aka tashi, inda masu binciken birai suka kafa sansani tun wajen shekarar 2000. Jagoranmu dattijo ne ɗan yankin, siriri, da takalmin roba da 'yar adda, ba ya haki ko kaɗan, ni kuwa kafin awa guda rigata ta jiƙe sharkaf. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda haske ke canzawa. Kana cikin rana tsaka, ƙudan tsando na bin ƙeyarka, sai ka gangara wani kwari, nan take duhu ya rufe ka kamar an shiga zaure. Iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye, wani ƙamshi kamar na randar da aka daɗe ba a buɗe ba. Itatuwan sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensu ba, saiwoyinsu sun fito sun tsaya kamar katangu, mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu. Can sama wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa da doguwar jela suna tsalle daga reshe zuwa reshe, kamar dattawan da suka yafa farin mayafi.

Ina cikin kallon sama sai dattijon ya riƙe mini hannu.

“Malam, dubi ƙafarka.”

Kwarkwasa ce ta ratsa hanya, baƙin layi mai faɗin tafin hannu yana malala kamar an zubar da man ja da ya ƙone, manyan cikinsu sun jeru gefe da gefe da baki a buɗe suna gadi. Na ɗaga ƙafa zan tsallake, amma na makara. Uku ko huɗu sun riga sun hau cikin wandona. Abin da ya biyo baya ba na son maimaita shi, illa dai na ce mutuncin ɗan birni ya zube a wurin, 'yan dako suna dariya har da riƙe ciki.

“Baba, ai da ka faɗa mini da wuri,” na ce.

“Tun ɗazu nake faɗa, kai kana can kana gaisawa da birai.”

Shi ne ya nuna mini wasu 'yan sanduna a bakin wani rami, an zage musu ganye, an tauna bakinsu. Ya ce aikin biri mai ganga ne. Haka ake kiran chimpanzi a wannan yanki, da Hausa tsantsa, saboda yana dukan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, sautin ya ratsa kurmi kamar ganga. Yakan gyara sanda ya zura cikin gidan kwarkwasa, su hau, ya zaro ya suɗe. Haka yake yi wa zuma. Masu bincike sun lura cewa na Gashaka ba sa cin gara, alhali 'yan'uwansu na wasu ƙasashe sun shahara da kamun gara da tsinke. Kowane gari da irin tuwonsa ke nan. Irin wannan biri a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, kuma Gashaka na cikin manyan wuraren da suka rage masa a duniya.

Ban gan shi ba. Na ga sheƙar da yake yi da rassa a saman itace ya kwana, na ga sandunansa, kuma da asubar kwana na biyu na ji gangar daga wani kwari mai nisa, gajeren kiɗa sannan ihu. Duk wanda ya yi maka alkawarin za ka je Gashaka ka ga dabbobi sun jeru kamar a gidan zoo na Kano, yaudararka yake yi. Akwai ɓauna, akwai mazo, akwai gwanki, akwai damisa, akwai dorina a kogin Kam, akwai tsuntsaye iri-iri har ɗaruruwa, amma kurmi ba ya baje kayansa. Sai ka yi haƙuri, ka yi shiru, ka yarda cewa kai ne baƙo.

To, me ya sa nake cewa a je?

Dalili na farko a cikin tambayar yayana yake. Mu tuna Sambisa gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin da ya zama. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji na ƙasa ne, daidai da Gashaka a takarda, amma yau wa zai ɗauki iyalinsa ya kai su can? Dajin Rugu, Kuyambana, wasu sassan gandun Kainji, duk labarin ɗaya ne. Ba rana ɗaya aka wayi gari 'yan bindiga suka mamaye su ba. Sannu a hankali aka janye ƙafa: malamin daji ya daina zagaye saboda babu mai a babur, baƙo ya daina zuwa, hanya ta mutu, masaukin ya zama gidan jemagu, mutanen ƙauyen da ke gefen dajin suka ga babu abin da suke samu da shi. Kangon da mai shi ya bari, ai ba a tambayar wanda zai tare a ciki. Dajin da ake shiga ana fita, ake biyan kuɗin ƙofa, ake ɗaukar 'yan dako, ake sayen kaza da doya a ƙauye, yana da masu ido a kansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma Gashaka ba ta da wani laya da Kamuku ba ta da shi. Ma'aikatan gandun sun sha arangama da mafarauta da masu yankan katako da masu haƙar ma'adinai, wasu sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2017 hukumar gandun daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors don tafiyar da wurin tare, aka ɗauki matasan yankin aikin gadi aka horar da su. Wannan abin a yaba ne. Amma mai gadi yana buƙatar ya san akwai wanda ya damu da abin da yake gadi.

Dalili na biyu ruwa ne, kuma shi ya fi damuna don ba a cika faɗinsa ba. Kowane kwari da muka tsallake akwai ƙorama a cikinsa, ruwa garai-garai mai sanyi, a tsakiyar rani, lokacin da rafukan garinmu sun zama filin ƙwallo. Kurmin ne ke riƙe ruwan damina kamar soso ya riƙa sakinsa a hankali. Waɗannan ƙoramu su ke haɗuwa su zama Kam da Gashaka da sauransu, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mai noman rani a gaɓar Binuwai da masunci a Ibi suna cin albarkacin itatuwan da ba su taɓa gani ba. Idan aka aske tsaunukan nan, ruwan zai riƙa saukowa gaba ɗaya a watan Agusta ya tafi da gonaki, a watan Maris kuma a nemi na sha a rasa. Na karanta wannan a makaranta na ci jarrabawa da shi, amma ban yarda da shi har zuciya ba sai ranar da na durƙusa na sha da tafin hannu. Gani ya kori ji.

Yanzu ga masu cewa maganar ƙoshi ce. Gaskiya ne, mutumin da ke lissafin kwanon masara ba za a ce masa ya je kallon biri ba, kuma ba da shi nake ba. Da waɗanda ke zuwa Dubai hutu nake, da masu kai yara Kenya su ga raƙumin dawa, da makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin yawon buɗe ido su kai ɗalibai babban kanti a Abuja su sha askirim su dawo. Da jami'o'inmu nake, inda ɗalibi zai gama digiri a kan tsirrai ko dabbobi bai taɓa kwana a daji ba, alhali ɗalibai daga Ingila da Jamus sun zo Kwano sun yi watanni sun rubuta digirin digirgir a kan biranmu. A Ngel Nyaki, wani ɗan kurmi da ke kan Mambilla, wata jami'a ce daga New Zealand ta jagoranci kafa tashar bincike. Ban ce sun yi laifi ba, Allah Ya saka musu. Mu ne dai abin tambaya.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, kuma a can na ji shi. Manomin da ke gefen gandu yana kwana a gona saboda gwaggon biri. Garke guda zai shiga masara da hantsi, kafin azahar an gama da wahalar wata uku, kuma doka ta hana shi ya harba. A kan tsaunuka kuma akwai Fulani da shanunsu, sun hau can ne tun kafin a kafa gandun saboda sanyi da ciyawa da rashin tsando, aka keɓe musu wasu yankuna a ciki, irin su Chappal Hendu da Filinga, inda aka yarda su zauna. Shanu sun ƙaru, ana ƙona ciyawa kowace shekara, wuta tana cin gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Ga kuma garkunan da ke shigowa daga nesa da rani, waɗanda sau da yawa masu su suna birni a cikin sanyin na'ura, yaron da ke bin su ɗan haya ne. Idan ɗan birni ya zo da kyamara yana cewa a kare daji, me manomin nan zai ji? Zai ji an fifita biri a kan 'ya'yansa. Ni ma da ni ne haka zan ji.

Ban yarda da masu ganin maganin shi ne a kori kowa a zagaye dajin da bindiga ba. Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Musulunci akwai hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a, kuma Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a Rabaza. Abin da ya umarci mai gadinta shi ne ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana dabbobin manyan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan shiga, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Mu a nan sau da yawa akasin haka muke yi. A kama mai tarkon gada, tirelar katako ta wuce da rakiya.

Saboda haka ziyarar da nake kira a yi tana da sharaɗi: kuɗin baƙo ya sauka a hannun mutanen wurin, su gan shi da idonsu. A Ruwanda takardar izinin ganin ƙaton birin tsauni da ake kira gorilla dala 1,500 ce, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandun dajinsu ke samu ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina aji ko asibiti ko a ja ruwa. Ba na mafarkin Gashaka za ta kai can gobe, hanyarta ma kaɗai ta isa ta hana. Amma ƙa'idar ba ta buƙatar dala. Ranar da manomi ya san cewa rijiyar ƙauyensu daga kuɗin masu zuwa jin ganga aka haƙa ta, shi zai fara kai rahoton mai tarko.

A nan dole in faɗi abin da ya ɓata mini rai, kuma mu ne muka yi shi. A hanyar dawowa mun haɗu da wasu samari 'yan birni su biyar, da lasifika a rataye tana ta kiɗa a tsakiyar kurmi, ledar ruwa da gwangwanin lemo suna zubarwa duk inda suka huta. Wannan ma da sauƙi. A bakin kogi na tarar suna ciniki da yaron da ya ɗauko musu kaya tun safe a kan tsauni, suna neman rage masa abin da bai kai kuɗin katin wayar da ɗayansu zai saka a yini ba. Yaron bai ce komai ba, ya karɓa ya juya. Dattijon namu ya bi bayansu yana tsince ledojin yana cusawa a aljihu, shi ma bai ce uffan ba. Irin wannan baƙo gara ya zauna a gida. Wanda zai je ya tafi da niyyar biyan kuɗin ƙofa ba tare da neman alfarmar wani babba ba, ya sallami ɗan dako da jagora da hannu sake, ya ƙi sayen naman daji komai arharsa, ya gaida mai gari, ya fito da shararsa. Ya tafi tsakanin Disamba da Maris, lokacin da koguna suka janye ana iya tsallake su, domin damina a can doguwa ce kuma ba ta wasa. Ya tuntuɓi ofishin gandun kafin ya tashi don jin halin da hanya take ciki, kada ya yi tafiyar dare, ya riƙi gidan sauro da maganin zazzaɓi da takalmin da ya saba da ƙafarsa.

Na dawo gida da ƙafa a kumbure da galan ɗin zuma da na saya a Serti. Gwaggo ta karɓi zumar a madadin goro, ta ce ba laifi. Da daddare na kunna wa yara sautin da na ɗauka a waya da asubar nan. Ba ya fita sosai, kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa sun danne shi, sai ka kasa kunne za ka ji dukan can ƙasa-ƙasa. Ƙaramin ɗan yayana ya sa na maimaita har sau huɗu, sannan ya juya wurin ubansa ya ce shi ma za shi.

Yayana ya harare ni. Ya ce wa yaron sai ya girma. Can bayan an kwashe kwanuka, muna zaune mu biyu a tabarma, ya tambaye ni daga Jalingo zuwa Serti awa nawa ne, kuma motarsa za ta iya hanyar ko sai an nemi mai tudu.